Imel da sunan kamfaninka ba tare da biya ba: Zoho, ɗan aike, ko akwatin mai hostin?

Wani ɗan kasuwa da nake yi wa aikin kwamfuta jefi-jefi, mai sayar da kayan sola a Kano, ya kira ni wata Laraba bayan la'asar. Wata ƙungiya ce ta nemi ya turo mata farashin batura da farantan sola, ya tura, aka yi shiru. Da ya bi sawu, sai jami'in da ke karɓar takardun ya faɗa masa cikin ladabi cewa ba su cika sa kamfanin da adireshinsa ya ƙare da gmail.com a jerin 'yan kwangilarsu ba.

"Malam, ashe imel ma yana da babbar riga?"

"Yana da ita, Alhaji."

"Nawa ne ɗinkin?"

Na ce akwai na kuɗi, akwai na kyauta. Ya ce mu fara jin na kyautar tukuna. Abin da na shimfiɗa masa a shago ran nan shi ne zan shimfiɗa a nan, har da abubuwan da kiran sallar magariba bai bar ni na ƙarasa ba.

Abu na farko, domen ɗin kansa sai an biya. Domen shi ne sunan da ke bayan alamar @, kamar kamfaninka.com ko kamfaninka.com.ng, kuma haya ce ta shekara-shekara. Na .com yakan kama tsakanin dala 10 zuwa 15 a shekara. Na .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ya fi sauƙi, kuma da naira ake biyansa wajen dillalan cikin gida. An taɓa samun na banza: kamfanin Freenom ya daɗe yana raba sunaye masu ƙarewa da .tk na tsibiran Tokelau, da .ml na Mali, da .ga na Gabon. Ya daina karɓar rajista a 2023 bayan kamfanin Meta ya maka shi a kotu kan yadda 'yan damfara suka mayar da sunayen gidansu. Ko a wancan lokacin ma, wasiƙar da ta fito daga .tk kallon hadarin kaji ake yi mata. Saboda haka idan na ce kyauta a nan, ina nufin akwatin wasiƙar, ban da kuɗin sunan.

Shi kuma aikin imel kashi uku ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe akwatin gidan waya ya san su: akwai karɓar wasiƙa, akwai ajiye ta har ka zo ɗauka, akwai aikawa da taka da hatiminka a jiki. Masu karɓar kuɗi suna yi maka dukkan ukun. Masu ba da kyauta kuwa kusan kowanne yana riƙe ɗaya, ko ya ba ka dukkansu amma ya ɗaure maka ƙafa. Zaɓin naka shi ne ka duba wane rashin za ka iya zama da shi.

Waɗanda suka riga suka naɗe tabarma

Idan ka yi bincike a intanet za ka ci karo da bayanai masu yawa da kwanansu ya ƙare, don haka gara ka san su. Google ya fara ba da Gmail a kan domen ɗin mutum kyauta a 2006, ya rufe ƙofar ga sababbin shiga a watan Disamba na 2012. Waɗanda suka shiga kafin nan sun ci gaba da morewa har farkon 2022, lokacin da aka ce musu su biya ko su kwashe kayansu. Bayan ƙorafi ya yi yawa ne aka bar masu amfanin kashin kai su zauna, ban da 'yan kasuwa. Microsoft ya daina karɓar sababbi a nasa tsarin na kyauta a 2014. Yandex na Rasha, wanda masu ƙera shafuka da yawa suka koma wa bayan Google ya rufe, shi ma ya mayar da nasa na kuɗi a 2023. Proton na Switzerland da Tuta na Jamus suna da akwatin kyauta, amma da sunansu. Ranar da ka ce naka sunan kake so, ranar za a miƙo maka takardar biya.

Da aka tankaɗe aka rairaye, hanyoyi uku ne suka rage wa mai ƙaramin ƙarfi.

Zoho Mail

Zoho kamfanin Indiya ne mai hedkwata a yankin Chennai, kuma a cikin sanannun kamfanoni shi ne ya rage yana ba da cikakken akwati kyauta a kan domen ɗinka. Tsarin yana ɗaukar mutum biyar, kowa da rumbun 5GB, a kan domen guda ɗaya, kuma fayil ɗin da za ka maƙala wa wasiƙa kada ya wuce 25MB. Ba sa tallata shi. Sai ka gangara can ƙasan shafin farashinsu, bayan ka wuce duk na kuɗi, za ka gan shi a rakuɓe. Kuma ba a kowane yanki suke buɗe shi ba, don haka kafin ka yi wa kowa alkawari, fara gwada yin rajistar ka ga ya bayyana maka.

Haɗa shi aikin rabin awa ne ga wanda ya saba. Za su ba ka wani layin rubutu ka liƙa a shafin DNS na domen ɗinka don su tabbatar naka ne. DNS kamar kundin adireshi ne, inda ake rubuta wa duniya ina shafinka yake da ina za a kai wasiƙunka. Daga nan sai ka sa layukan MX guda uku da suka ba ka, waɗanda ke cewa duk wasiƙar da ta zo a kai ta Zoho, sannan layin SPF da na DKIM da zan yi bayaninsu a gaba. Da zarar an gama, wasiƙarka tana fita da sunanka da hatiminka, ba tare da wata dabara ba. Wannan shi ne babban ƙarfinsa, kuma babu wani na kyauta da ya kamo shi a nan.

Ƙarfi na biyu shi ne akwai mai gida. Wanda ya buɗe asusun yana da shafin gudanarwa inda zai ƙirƙiri akwatin ma'aikaci, ya canza masa kalmar sirri, ko ya rufe shi. Kana kuma iya ɗora wa akwati ɗaya laƙabi da yawa, ta yadda bayani@ da oda@ da sunanka@ duk za su zuba wuri guda ba tare da sun ci gurbi uku cikin biyar ɗin ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su ƙarar da gurabensu a kan adireshin da babu mai buɗewa.

Ga inda aka ɗaure ƙafar: tsarin kyauta ba shi da IMAP da POP. Waɗannan su ne ƙofofin da wata manhaja ke bi ta ɗebo wasiƙu daga akwatinka. Ba tare da su ba, ba za ka karanta wasiƙunka a manhajar Gmail ta waya ba, ko Outlook, ko Thunderbird, ko manhajar wasiƙa ta iPhone. Sai dai ka buɗe shafin Zoho a burauza ko ka sauke manhajarsu. Ga matashin da wayarsa ke cike da manhajoji, ƙarin guda ɗaya ba komai ba ne. Ga dattijon da ya shekara goma yana danna jan ambulan ɗin nan guda ɗaya, al'amarin ya fi yadda kake zato. Na taɓa haɗa wa wata Hajiya mai makarantar koyon ɗinki irin wannan akwati, na koma bayan wata biyu na tarar da wasiƙu sittin da wani abu ba a buɗe ba. Wayar ce ta kashe sanarwar manhajar don tattalin batir, ita kuma ba ta taɓa tunawa ta leƙa ba. Ta ce, "Ɗana, ai na ɗauka ba a rubuto ba ne." Tun daga ranar, duk wanda na haɗa wa sai na shiga saitin batir na cire wa manhajar takunkumi, sannan na turo wasiƙar gwaji a gabansa ya ji ƙarar da kunnensa.

Rashin IMAP yana da wani ciwo da ba a ji sai ranar tashi. Hanya mafi sauƙi ta kwashe tsofaffin wasiƙu daga wani gida zuwa wani ita ce IMAP. Wato shiga kyauta ce, amma fita da kaya cikin sauƙi tana iya sa ka biya. Tsarinsu mafi araha yana kama kusan dala ɗaya ga mutum ɗaya a wata, ana biya na shekara a dunƙule, kuma shi ke buɗe waɗannan ƙofofin. Sannan 5GB tana isar mai rubutu zalla shekaru, amma mai buga takardu ko mai zanen gini da ake turo wa manyan fayiloli kullum zai ga ƙasan tukunya da wuri. Kada kuma ka yi tunanin tura tallan azumi ga mutum dubu daga wannan akwati. Dokarsu ta hana aika saƙon taro, kuma suna iya dakatar da asusun.

Ɗan aike: Cloudflare da 'yan uwansa

Hanya ta biyu ba ta ba ka akwati kwata-kwata. Ɗan aike take ba ka: wasiƙa ta zo da sunan kamfaninka, ya karɓa ya miƙa ta ga Gmail ɗinka da ka saba da shi. Ba ya ajiye komai a wurinsa.

Wanda aka fi sani shi ne Email Routing na kamfanin Cloudflare, da aka fara a 2021. Kyauta ne, yana ɗaukar adireshi har 200 a domen ɗaya, kuma kana iya kunna wani saiti da zai kama duk wasiƙar da aka rubuto wa domen ɗin ko da an yi kuskuren harafi kafin alamar @. Sharaɗinsa shi ne ka mayar da ragamar DNS ɗinka gaba ɗaya hannun Cloudflare. Wannan ba abin tsoro ba ne, yana ma aiki da .com.ng, amma idan kana da shafi a kan domen ɗin, ka zauna ka gwada layukan tsohon wuri da na sabo ɗaya bayan ɗaya kafin ka sauya, don layi guda da ya faɗi a hanya ya isa ya kashe shafin. Kuma a saitinsa na yau da kullum kowane adireshi wuri ɗaya yake zuba wa. Idan kana son oda@ ta je wa kai da abokin kasuwancinka a lokaci guda, sai an rubuta ɗan shiri na musamman.

ImprovMX ya fi shi sauƙi ta wannan fuskar. Ba ya neman ragamar DNS, layukan MX da SPF kawai za ka sa a inda kake, kuma adireshi ɗaya yana iya zuba wa mutane da dama. Na kyautarsa domen ɗaya ne da laƙabi 25, da iyakar wasiƙun da zai miƙa a rana, wadda ƙaramin shago ba zai taɓa cimma ba. Akwai kuma Forward Email, wanda a tsarinsa na kyauta ake rubuta adireshin da za a miƙa wa wasiƙa a cikin DNS. Shi kuwa DNS kowa yana iya karanta shi, don haka idan ba ka bi hanyar ɓoye layin ba, Gmail ɗinka na sirri ya fito fili. Kafin duk waɗannan ma, leƙa wajen dillalin da ya sayar maka da domen. Irin su Namecheap da Porkbun suna haɗa wa mai saye wannan hidima ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Daɗin wannan hanya a bayyane yake. Ba sabuwar manhaja, ba sabuwar kalmar sirri, ga rumbun 15GB na Gmail, ga matatarsa ta tarkacen saƙonni wadda ta fi ta kowa a cikin na kyauta. Amma 15GB ɗin nan tare ake cin ta da Google Drive da Google Photos. Hotunan biki da bidiyon walima suna iya cika ta, kuma ranar da ta cika, wasiƙar abokin ciniki za ta zo ƙofa a mayar da ita, ɗan aike kuma ba shi da ɗakin da zai ajiye maka.

Wani ƙaramin abu da ke ruɗa kusan duk wanda ya haɗa wannan a karon farko: sai ya tura wasiƙar gwaji daga Gmail ɗinsa zuwa sabon adireshin, ya zauna yana jira, ba ta shigo ba, ya ɗauka aikin bai yi ba. Gmail ne ya gane wasiƙarsa ce ta dawo, ya ƙi nuna ta sau biyu. Ka sa wani ya turo maka daga wayarsa.

Matsalar gaske tana wajen ba da amsa. Ɗan aike kawowa yake yi, ba ya kaiwa. Idan ka danna amsa haka kawai, abokin cinikin zai ga tsohon adireshinka na Gmail, rigar da ka ɗinka ta zame ke nan. Maganin da aka saba shi ne saitin Gmail mai suna Send mail as, wanda sai a kwamfuta ko burauza ake haɗa shi, daga baya ya bayyana a waya. Zai tambaye ka ta wace tasha wasiƙar za ta fita, wato SMTP. A nan hanya ta rabu biyu, kuma ba za a gane bambancinsu ba sai an san maganar hatimi.

Maganar hatimi

Kowa yana iya rubuta sunan kowa a bayan ambulan, shi ya sa manyan masu karɓar wasiƙa suke bincike kafin su shigar da ita. SPF jeri ne da kake wallafawa a DNS na tashoshin da ka yarda su aika da sunanka. DKIM hatimi ne na lissafi da ake buga wa kowace wasiƙa, wanda mai karɓa zai gwada da mabuɗin da ka wallafa. DMARC kuma umarninka ne ga mai karɓa: idan wasiƙa ta zo da sunana amma jerin da hatimin ba su dace da domen ɗina ba, ka bar ta ta wuce, ko ka jefa ta akwatin tarkace, ko ka ƙi ta. Tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: duk mai aiko musu wasiƙa sai ya kasance da SPF ko DKIM, mai aika sama da 5,000 a rana kuma sai ya haɗa har da DMARC.

To, hanyar farko ta ba da amsa ita ce ka yi amfani da tashar Gmail kanta, smtp.gmail.com, da wata kalmar sirri ta musamman da Google ke bayarwa bayan ka kunna tabbaci mai mataki biyu. Ita ce aka fi koyarwa a bidiyoyi domin minti biyar take ci. Wasiƙa za ta fita da sunan kamfaninka a sama, amma hatimin da ke jikinta na gmail.com ne. Wasu manhajoji suna nuna wa mai karɓa cewa ta hannun wani aka aiko ta. Wasu matatun, musamman na bankuna da manyan ma'aikatu, suna ɗaga mata gira. Kuma ba za ka taɓa iya tsaurara DMARC ɗinka ba, domin ranar da ka ce a ƙi duk wasiƙar da ba ta da hatiminka, taka ce za a fara ƙi. Zanen aro ne, ba ya rufe katara.

Hanya ta biyu ita ce ka nemi tashar aikawa daban wadda za ta buga hatimin domen ɗinka. Brevo na Faransa yana ba da wasiƙa 300 a rana kyauta, SMTP2GO yana ba da 1,000 a wata. Ka yi rajista, su ba ka layukan DKIM ka liƙa a DNS, sannan ka sa bayanan tasharsu a cikin Send mail as. Yanzu wasiƙarka tana fita daga cikin Gmail da cikakken hatiminka. Wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni ba sa karɓar rajista da adireshin Gmail, don haka fara haɗa ɗan aiken, ka yi rajistar da sabon adireshin. Wannan haɗin yana aiki da kyau, ni kaina shi nake amfani da shi. Sai dai ka lura da abin da ka gina: domen a wuri ɗaya, karɓa a wuri na biyu, ajiya a na uku, aikawa a na huɗu. Kowannensu yana iya canza sharaɗinsa ba tare da ya shawarce ka ba. SendGrid, wanda mutane da yawa suka dogara da shi don wannan aikin, ya janye tsarinsa na kyauta a 2025.

A nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ina ƙara tashar aikawa a wani domen, sai na liƙa sabon layin SPF ban goge tsohon ba. Ƙa'ida ita ce layin SPF ɗaya tak ake yarda da shi a domen. Idan tashoshi biyu ne, a cikin layi guda ake haɗa su. Da suka zama biyu, sai duka suka lalace. Kwana uku wasiƙun mutumin suna faɗawa akwatin tarkace, ni kuma ina ce masa ya ƙara haƙuri DNS bai gama yaɗuwa ba. Sai da na buɗe ɗaya daga cikin wasiƙun a Gmail, na danna ɗigo ukun nan na gefe na zaɓi Show original, na ga SPF bai ce PASS ba. Wannan shafin shi ne alƙalinka: layi uku ne a sama, SPF da DKIM da DMARC, kuma so ake kowanne ya ce PASS, sunan domen ɗinka kuma ya bayyana a gaban DKIM.

Akwatin mai hostin

Idan kana biyan kuɗin hostin, wato hayar wurin da shafinka na intanet yake zaune, akwai yiwuwar kana da akwatunan imel da ba ka taɓa buɗewa ba a cikin cPanel, shafin da ake gudanar da hostin ɗin. Ba sabon kuɗi, akwai IMAP, ana iya sa shi a kowace manhaja ta waya. Raunin shi ne gidan haya ne: ɗaruruwan shafuka suna aikawa daga lambar intanet ɗaya, idan maƙwabci guda ya yi ta watsa saƙon damfara aka sa lambar a baƙin littafi, har da kai a ciki. Wasiƙun kuma suna cin rumbu ɗaya da shafin, kuma ranar da kuɗin hostin ya ƙare, shafi da imel tare suke mutuwa. Dabarar da aka daɗe ana yi ta sa Gmail na kwamfuta ya riƙa ɗebo wasiƙu daga irin wannan akwati ta POP ita ma ba abin dogaro ba ce yanzu, domin Google ya sanar a 2025 cewa zai janye ta. Ga adireshin da ba a cika amfani da shi ba, da babu gara ba daɗi. Ga wanda kwangila ke bi ta kansa, ni ba na ba da shawararsa.

Ƙungiyoyin agaji da makarantu su tsaya kafin su bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan. Google yana ba ƙungiyoyi masu rajista da ba na neman riba ba Workspace, wato Gmail ɗinsa na kuɗi mai ɗauke da sunan domen ɗinka, kyauta ta shirin Google for Nonprofits, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da shirin ya shafa. Makarantun da suka cika sharaɗi suna da nasu tsarin na ilimi, Microsoft ma yana da makamancinsa. Ana neman takardun rajista, tantancewar tana ɗaukar lokaci, amma abin da za a samu cikakken Gmail ne da sunan ƙungiya, wanda ya fi duk abin da na lissafa a sama.

Wanne ke nan?

Tambayar da nake fara yi wa mutum ita ce: mutum nawa ne za su taɓa wasiƙun nan? Idan kai kaɗai ne, ɗan jarida mai zaman kansa, mai zane, lauya mai ofishi ɗaya, kuma rayuwarka tana cikin Gmail, ɗauki ɗan aike ka haɗa shi da tashar aikawa mai hatiminka. Idan ba ka da wanda zai duba maka DNS lokacin da abu ya karkace, ko karɓa kawai kake yi ba ka cika amsawa ba, tsaya a kan ɗan aiken shi kaɗai ko ka tafi Zoho.

Da zarar an kai mutum biyu, ni Zoho nake cewa, ko da za a sha wahalar sabuwar manhaja. Dalilin ba na fasaha ba ne. A tsarin ɗan aike, wasiƙun kamfani suna sauka ne a Gmail ɗin yaron shago na kashin kansa. Ranar da kuka saɓa ya tafi, kana iya karkatar da sababbin wasiƙu, amma duk tsofaffin, da sunayen abokan ciniki da farashin da aka ba kowa, suna aljihunsa, kuma ba ka da hanyar karɓo su. A Zoho kalmar sirri kawai za ka canza. Idan makaranta ce ko asibiti, inda wasiƙu ke ɗauke da bayanan mutane, barin su a akwatin ma'aikaci na kansa yana iya zama matsala har a gaban dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Idan kun wuce biyar, ko akwai wanda ba zai rabu da Outlook ba, maganar kyauta ta ƙare, amma ba lallai a yi tsalle zuwa Google Workspace ba. Ban da tsarin dala ɗaya na Zoho, mai iPhone da ya riga yake biyan iCloud+, wato ƙarin rumbun ajiya na kamfanin Apple, yana da damar sa domen har biyar a ciki, da adireshi uku a kowanne, mutane da yawa suna biya ba su sani ba. Akwai kuma ƙananan kamfanoni irin su Migadu da Purelymail da ke karɓar abin da bai kai dala 20 ba a shekara a tsarinsu na ƙasa. Duk wanda za ka zaɓa cikinsu, fara gwada katinka. Waɗanda suka ga shekarun da katin naira ya daina biyan kuɗin waje sun san yadda ake rasa asusu saboda dala biyu.

Alhaji yana da yara biyu a shago da wani ɗan'uwansa mai kula da lissafi, don haka Zoho muka tsayar. Da muka zo liƙa layin tabbatarwa ne aka gane ba shi da mabuɗin shiga wajen dillalin domen ɗin. Wani matashi da ya ƙera masa shafi shekara biyu da suka wuce shi ya yi rajistar, da sunansa da imel ɗinsa da lambar wayarsa. A takarda, sunan kamfanin Alhaji mallakin yaron ne, kuma saura wata ɗaya da 'yan kwanaki hayar ta ƙare. Da ta ƙare ba a sabunta ba, da Zoho da Cloudflare duk ba su da abin da za su yi masa, domin wasiƙa ba ta zuwa adireshin da babu shi.

Mun yi sa'a yaron mutumin kirki ne, yana bautar ƙasa a wata jiha, ya ɗauki waya a kira na biyu. Kwana huɗu aka yi kafin a mayar da domen ɗin asusun da muka buɗe da sunan Alhaji. Imel ɗin da muka sa a wannan asusun na Gmail ne, da gangan, don kada sanarwar ƙarewar haya ta riƙa zuwa adireshin da zai mutu tare da domen ɗin. Alhaji ya biya shekara biyu a take, ya ciro kalandar bango ta shagon ya sa ɗan'uwansa ya rubuta ranar da jan biro a shafin ƙarshe. Sannan ya miƙo mini wayarsa.

"To Malam, sa mini abin nan kusa da WhatsApp, inda idona zai riƙa faɗawa."